Mista Delmer, Wanda Ya Koya Wa Jar Mota Tsayawa

Ƙarfe shida na safe bai taɓa samun Mista Delmer Stidham a gado ba. Duk wanda ya taɓa saukowa daga dutse zuwa cikin garin Tanner Fork da sassafe ya san haka. Kana gama gangaren nan, daidai inda hanya ta miƙe kafin gada, za ka tarar ya riga ya ɗaga ƙofar gareji, ya jawo tsohuwar kujerarsa ta ƙarfe bakin titi, kofi a hannu ɗaya, biskit ɗin da matarsa Mis Opal ta naɗe masa a ɗaya hannun. Ba ya karanta jarida, rediyo ma ba ya kunnawa. Saurare kawai yake yi. Duk motar da ta sauko dole ta taka birki a gabansa, shi kuma daga kukan da ta yi ya san ciwonta. Kafin ka isa wurin aiki waya ta riga ka: "Delmer ne. Ƙafar gaba ta dama. Ka kawo ta yau, ba gobe ba." Ya kashe, ko gaisuwa babu.

Shekara arba'in da ɗaya ke nan yana wannan zama. Ƙarshen watan nan zai rufe garejin, gwiwoyinsa sun ƙi durƙuso. Na ce wallahi ba zai rufe a ɓoye ba, sai na faɗa wa duk garin abin da ya yi mana. Ni ce Lacey, matar Wade Caudill, wadda kuka sani a shagon wankin kaya kusa da gidan waya kafin in haihu. Ban taɓa rubuta wa jarida komai ba. Amma tun ranar Lahadi labarin nan ke cina, na faɗa wa mai kawo wasiƙa, na faɗa wa matar da ta auna 'yata a asibiti, Wade ya ce in rubuta kawai in huta, shi ma ya huta.

Bari dai in fara da na wasu, kada a ce don ya yi mana ne.

Ku tambayi Mis Verna, wadda ta ja bas ɗin makaranta shekara ashirin da shida. Ita da bakinta ta ce mini wata safiya ta sauko cike da yara, sai ga Mista Delmer a tsakiyar titi ya ɗaga hannu biyu kamar ɗan sanda. Ta leƙo ta ce, "Delmer, ka haukace? Na makara!" Ya ce, "Makara kam kin yi. Sauke su." Wai wari ya ji tun tana kwanar sama. Ya shiga ƙarƙashi da rigarsa mai tsabta, ya fito da yatsa jiƙe da man birki, bututun ya tsage yana ɗiga. Saura gangare biyu a gabanta kafin makaranta. Mis Verna ta ce ta zauna a bakin kwalbati, shi kuwa ya raba wa yara biskit ɗinsa gutsure-gutsure ya koma ƙarƙashin bas. Ba wanda ya sa sunansa a ko'ina.

Kuma kowa ya san halinsa na aljihu. In ka kawo masa mota ya ga birkinta ba shi da kirki, sai ya buɗe bonet kamar mai duba wani abu, ya zare wani ɗan baƙin abu daga inji, bai fi babban yatsa ba, ya jefa a aljihun gaban rigarsa ya maɓalle. In babu abin nan mota ba ta tashi, ko za ka kwana kana murɗa makulli. Fastonmu ma bai tsira ba. Wata Asabar ya kai motarsa a duba iskar taya, washegari a bayan tarakta aka kawo shi coci, yana riƙe da hula. A wa'azi ya ce akwai masu taurin kai a cikin jama'ar nan. Mista Delmer daga benci na uku ya ce, "Amin."

To, ga namu.

Baban Wade, marigayi Orville Caudill, ya bar mota. Ja ce, ƙirar 1969, doguwar hanci, injin nan mai silinda takwas wanda in ya tashi sai tagogin gida su yi kaɗawa. Shekara talatin ya yi a ramin kwal, ciwon huhu ya tafi da shi shekara huɗu da suka wuce. Motar tana rumfa a lulluɓe tun kafin ya kwanta, kaji har ƙwai suke sakawa a kujerar baya. Bayan jana'iza Wade ya yaye lulluɓin ya ce sai ta tashi. Shekara uku yana kanta. Duk Asabar, duk hutu. Ya sauke inji ya wanke shi gunduwa-gunduwa, ya sa sabon salansa, ya yi fenti har sau uku don na farko bai yi masa ja irin na babansa ba. Ina da ciki wata takwas ina riƙe masa fitila a ƙarƙashin bonet. Ni ban taɓa jin kishin motar ba, na san ba ƙarfe yake gyarawa ba, babansa yake nema.

Ya kuma yi wa mahaifiyarsa, Mama Glenna, alkawari: bana motar za ta hau dutse Ranar Furanni. Kun dai sani, Lahadi ta biyu a Yuni, ranar da kowane gida ke hawa maƙabartar danginsa a share kaburbura, a jera furanni, a shimfiɗa tebura a ci abinci tare. Ta su Caudill tana can ƙololuwa, mil biyu da rabi na hawa, hanyar ta lanƙwasa har kwana bakwai. Wade ya ce a motar nan aka kai shi yana jariri aka nuna wa kakanni, a cikinta zai kai 'yarmu Ivy ya nuna wa babansa. An haifi Ivy farkon Afrilu. Kun ga ke nan lokaci ya matso.

Tsakiyar Mayu motar ta tashi. Muka bar Ivy wurin Mama Glenna, Wade ya ce in shiga mu je mu nuna wa Mista Delmer. Daga gidanmu ɗan gangare ne kaɗan, ba ma na dutse ba. Muna zuwa daidai gareji Wade ya taka birki. Na ga ƙafarsa ta tafi, ta tafi, har ƙasa. Motar ta ja hagu kamar an kira ta, muka wuce Mista Delmer da kujerarsa, muka wuce famfon ruwa, sai gaban gidan kajin Mis Opal muka tsaya. Wade ya sa giyar baya muka dawo a hankali, kunnuwansa sun yi ja kamar fentin.

Mista Delmer bai tashi ba. Ya ce, "Ɗan Orville, ni ka zo nuna wa ko kajin?"

"Yallaɓai, ɗan sabo take so. Ta daɗe a ajiye."

"Uhm. Buɗe mu gani."

Ya daɗe yana kallon injin. Ya ce, "Aiki ya yi kyau, yaro. Ubanka bai taɓa sa shi ya yi tsabta haka ba." Wade ya fara murmushi. Sai na ga hannun Mista Delmer ya shiga, ya fito, ya nufi aljihu.

"Haba yallaɓai! Haba Mista Delmer!"

"Ƙarfin doki nawa ka ce ka ƙara wa injin?"

Wade ya faɗa, da ɗan alfahari ma.

"Birki fa, me ka ƙara masa?"

"Na wanke shi. Na sa sabon mai."

"Ya wanke shi," in ji Mista Delmer, yana kallona. "Mis Lacey, kin ji. Ya wanke."

Ni dai ban yi dariya ba, don har lokacin hannuna na riƙe da ƙofa. A nan gaban su biyu na ce, "Wade, ina son ka, ina son babanka. Amma Ivy ba za ta shiga motar nan ba sai ranar da ta iya tsayawa." Ban san daga ina maganar ta fito ba.

Duk samarin garin nan masu tayar da tsoffin motoci haka suke, ba Wade kaɗai ba. Inji, fenti, ƙarfe mai walƙiya, ƙarar da za a ji daga gada. Birki yana can bayan taya ba mai ganinsa, ba wanda zai tafa maka a kansa, sai a bar shi ƙarshe, ƙarshen kuma ba ya zuwa.

Washegari Mista Delmer ya ɗora ta a jak ya cire tayoyi, ya kira mu. Ya nuna mana tsohon birkin, wani kwano ne na ƙarfe da takalma biyu a ciki masu tokare shi. Ya ce a zamaninsa ya yi abin da zai iya, amma in ka daɗe kana taka shi a gangare sai ya yi zafi, in ya yi zafi kuma ya daina kamawa, ka taka ka ji kamar soso. Ya nuna tukunyar man birki, ciki ɗaya gare ta. "In bututu ɗaya ya fashe, ƙafa huɗu duk sun tafi tare. Sai addu'a." Ya ce zai sa mai ciki biyu, gaba daban baya daban. Zai canza duk bututun, don na ciki tsatsa ta cinye su. A gaba kuma zai sa birkin faifai, irin na motocin yanzu, faifan ƙarfe da muƙamuƙi mai cafke shi ta gefe biyu. Wade ya ce to. Har ya ɗauki hutun sati ɗaya don su yi tare.

Kwana biyar komai na tafiya daidai. Ni ina kai musu wake da burodin masara da rana, Ivy a kafaɗa. Mista Delmer ba ya sayen bututu lanƙwasasshe, da hannu yake lanƙwasa kowanne, ya gwada, ya cire, ya sake. Durƙuso yana yi masa wuya, sai ya shimfiɗa kwali ya kwanta a gefe ɗaya, in zai tashi ya kama bamba. Wade ya ce, "Yallaɓai bari in shiga." Ya ce, "Ka shiga ka wanke?"

Rana ta shida aka zo mayar da taya, wili, wato ƙarfen da taya ke zama a kai, ya ƙi shiga.

Wilin nan huɗu ba wasa ba ne a gidan su Wade. Baba Orville ya saye su tun yana saurayi, masu ƙafa biyar, farare tas. Duk Asabar da tsohon buroshin haƙori yake bin su lungu-lungu, Wade yana tsugune yana miƙa masa tsumma. Abin da ya fi tunawa da babansa ke nan. To ga shi muƙamuƙin sabon birki ya fi cikin wilin girma. Inci ɗaya kacal ya rage.

Mista Delmer bai ce a jefar ba. Ya san Orville, tare suka yi makaranta. Ya manna yumɓu a kan muƙamuƙin, ya danna wili, ya cire, ya auna inda ya matse. Ya rufe gareji kwana uku, abin da Mis Opal ta ce bai yi ba ko da aka yi masa aikin ido, ya bi wuraren tsoffin motoci har ƙananan hukumomi biyu yana neman ƙaramin muƙamuƙin da zai shige. Ya dawo da kala biyu. Ɗaya bai shiga ba. Ɗaya ya shiga, amma ya juya shi a hannu ya ce wannan na ƙaramar mota ne, ba zai riƙe nauyin wannan a dutse ba, ya jefa shi kwandon shara.

Wade ya ce, "To a goge muƙamuƙin da injin guga mana. Kaɗan kawai. Kowa na yi."

"Kowa ya yi a garejinsa."

"Kaɗan fa na ce, yallaɓai!"

"Wanda ya zuba ƙarfen nan bai sa kaurin don ado ba. Ba na rage naman birki, yaro. Ko na uwata ne."

"To a mayar da na da! Babana shekara nawa yana hawa dutsen nan da shi? Ya mutu a hanya? Ba ni abina in tafi da motata!"

Ban taɓa jin Wade ya ɗaga wa babba murya ba. Ivy ta farka ta fara kuka. Mista Delmer ya goge hannu a tsumma, a hankali, yatsa ɗaya-ɗaya. Ya ce, "Motarka ce. In ka ga dama ka ja ta da igiya ka mayar da kwanukan da kanka, ka iya. Hannuna dai ba zai yi ba." Ya buɗe aljihu ya ciro ɗan baƙin abin. Wade ya miƙa hannu. Sai ya zagaye shi ya sa mini a tafin hannu. "Mis Lacey, ke ce mai fasinja. Ke za ki ba shi."

Na jefa shi cikin jakar kayan Ivy, tsakanin kwalba da tsummoki, na ja zif.

Saura kwana goma Ranar Furanni. Wade bai tambaye ni abin ba, ni ma ban ɗauko maganar ba, amma duk inda na shiga da jakar nake shiga, har banɗaki. Gaskiya zan faɗa, rana ta uku na kusa ba shi. Na gan shi zaune a rumfa inda motar take a da, yana juya tsohon buroshin babansa a hannu, sai zuciyata ta karye. Na ce a raina, sau ɗaya ne fa a shekara, a hankali zai sauko. Har na taɓa zif ɗin.

Ranar Lahadi bayan coci muna cin abinci a gidan Mama Glenna, ta dube shi ta ce, "Wai me ya kumbura maka fuska kamar an cije ka?"

Ya faɗa mata duka. Ya ƙare da cewa, "Mama, ke shaida ce. Duk shekara a motar nan muke hawa, ni da ke da Baba, ba abin da ya taɓa faruwa."

Mama Glenna ta ajiye cokali. Ta ce, "Hawa kake tunawa. Saukowa fa?"

Ta ƙura wa Wade ido.

"Ka tuna ka taɓa saukowa a cikinta? Ko sau ɗaya?"

"Ai… muna tsinkar 'ya'yan itace a hanya, ni da ke."

"'Ya'yan itace! A Yuni, ko nuna ba su yi ba, kana ci kana yamutsa fuska. Kai, shekarar da na auri ubanka muka sauko a motar nan, a Kwanar Alfadari birki ya tafi, bangon dutse ya tare mu. Daga ranar ban ƙara saukowa a cikinta ba. Da ƙafa nake saukowa, mil biyu da rabi, takalmin coci a hannu, kai kana kafaɗata, har ka yi wayon tafiya. Shi yana gaba a giya ɗaya yana addu'a. Na roƙe shi ya kai wa Delmer ya fi sau ashirin, ya ce Delmer zai raba shi da wilinsa. Allah ya jiƙan Orville, mutumin kirki ne, amma a kan wilin nan jaki ne. Kada ka gaje shi a nan. Ga sauran abubuwa da yawa."

Wade bai ƙarasa abincinsa ba. Litinin da safe, kafin Mista Delmer ya gama kofi, ya isa gareji, ya naɗe wilin huɗu a tsohon bargo da kansa ya sa a bayan akori-kura. Ya ce, "Yallaɓai, ka yi haƙuri da maganar rannan." Mista Delmer ya ce, "Wace magana? Miƙo sifana." A bayan ƙofa akwai wasu wili huɗu baƙaƙe na ƙarfe zalla, munana, masu faɗin da ake so. Ashe tun ranar rigimar ya samo su ya ajiye.

Ranar fitar da iska daga birki Mista Delmer ya ce ni zan zauna a kujerar direba. Wade ya ce ai ga shi. Ya ce, "Kai ka riga ka yarda da motar tun ba ta cancanta ba. Ita nake so ƙafarta ta ji." Mis Opal ta karɓi Ivy, na shiga. Yana ƙarƙashi yana ihu: "Taka! Taka! Riƙe! Kada ki saki, 'yar nan, na ce riƙe! Saki!" Ƙafa huɗu, kowacce sau ba adadi, cinyata har rawa take. Da farko abin laushi kamar na taka burodi. Can sai na ji yana tauri, yana tauri, har ya tsaya a sama ya ƙi tafiya, kamar na taka dutse. Na ce, "Mista Delmer, ya ƙi!" Ya ce, "Haka ake so ya ƙi. Ki riƙe wannan a ƙafarki. Duk ranar da kika ji ba haka ba, ki sauke 'yarki."

Ya ɗaura sabbin bel a kujerar baya, da noti har cikin ƙarfen mota, don kujerar jariri ta kamu da kyau. Sannan ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Nauyinki nawa?"

"Mista Delmer! Ana tambayar mai jego haka?"

"To zan ƙiyasta, kuma ba za ki ji daɗi ba."

Mis Opal ta ce, "Delmer, ka bar yarinya, tsohon banza." Na raɗa mata, ita ta faɗa masa. Ashe buhunan abincin kaji zai loda. Nauyina a gaba, nauyin Mama Glenna a baya, har da ƙaramin buhun fulawa da ya ɗaure a kujerar Ivy. Na ciro ɗan baƙin abin daga jaka na ba shi, ya mayar, motar ta tashi. Shi kaɗai ya hau dutsen nan ya sauko. Ya taɓa wili, ya ɗan juya wani abu a ƙarƙashi, ya sake hawa. Sau shida, mutum mai shekara saba'in ba ɗaya. A na shida ya fito yana ɗingishi, ya miƙa wa Wade makulli, ya ce, "Giya biyu za ka sauko. Birki mai kyau ba lasisin hauka ba ne."

Ranar Furanni muka hau. Tun daga kwana ta biyar dangi suka ji ƙarar suka fito bakin hanya. Kawunnan Wade suka kewaye ta, ɗaya ya ce, "Mota kamar amarya, takalmi kamar na mai haƙar kwal!" Wade ya ce, "Ai 'yar mai haƙar kwal ce, Kawu." Ya ɗauki Ivy ya kai ta gaban kabarin, ya durƙusa ya daɗe yana magana ƙasa-ƙasa. Ban matsa ba, tsakaninsu ne. Muka jera furanni, aka yi waƙa, aka ci soyayyar kaza da kek ɗin tuffa mai hawa-hawa. Wajen ƙarfe uku aka ɗan yi yayyafi, kowa ya hau tattara kaya.

Na ɗaure Ivy. Na waiga sai na ga Mama Glenna tsaye ta riga ta cire takalmin coci ta riƙe a hannu, ta saba. Ta dubi hanya, ta dubi motar. Ta ce, "Lacey, ke kika taka shi da ƙafarki?" Na ce, "Ni na taka, Mama." Ta buɗe ƙofa ta shiga kusa da jikarta.

Giya biyu, a hankali, titi jiƙe. Muka karya kwana ɗaya, biyu, uku. Muna karya Kwanar Alfadari, inda ba ka ganin gabanka sai ka shiga, sai ga tebura biyu a kwance a tsakiyar hanya, sun zamo daga akori-kurar da ta riga mu. Ga Anti Dovie, ƙanwar Baba Orville, a sunkuye tana tsintar murafun tukwane, ta ba mu baya. Dama bango, hagu rami.

Wade ya taka.

Jama'a, ta tsaya! Ba ta ja hagu ba, ba ta ja dama ba, ba ta yi kuka ba. Ta dafe ƙasa ta tsaya cak, bel ya riƙe ni a ƙirji. Tsakanin bamba da siket ɗin Anti Dovie bai fi taku biyu ba. Ta miƙe da murfi a hannu ta ce, "Kai Wade, ba ka iya hon ba?" Ivy ta buɗe ido ɗaya ta mayar. Mama Glenna kuwa ta sa takalman a fuska ta fashe da kuka, tana kuka tana dariya, tana cewa, "Orville, kana gani? Kana gani, jakin Allah?"

Ba mu wuce gida ba, gidan Mista Delmer muka nufa. Yana baranda yana ɓare wake da Mis Opal. Na fito ina ba da labari, bakina na haɗuwa, na rungume shi har waken ya zube. Ya bari na gama tsaf. Sai ya dubi Wade ya ce, "Da ka taka, baya ta nemi wuce gaba?"

"A'a yallaɓai."

"Ko kaɗan?"

"To… kamar ta ɗan motsa. Kaɗan."

"Kawo ta Litinin." Ya sunkuya yana tsince wakensa.

Mista Delmer, na san ba ka son irin wannan, Mis Opal ta ce in ka ga sunanka a jarida za ka naɗe kifi da ita. Naɗe, amma ka karanta tukuna. Kai ne mai aikin da ba a gani. Ba wanda ya taɓa tsayawa a bakin titi ya ce kai, ji birkin motar can. In aikinka ya yi kyau, ba abin da ke faruwa, mutum ya isa gida ya ci abinci ya manta da kai. Shekara arba'in da ɗaya kana sa ba abin da ke faruwa a garin nan. Yaran bas ɗin Mis Verna yanzu wasunsu da 'ya'yansu, ba su ma san da kai suke yawo ba. Kai ne ka ce wa mijina a'a, ka tsaya a kanta yana maka ihu, ranar da ni uwar yarinyar na kusa cewa to. Na gode. Wade ya gode, ko da yake shi sai dai ya zo ya share maka gareji, bakinsa ba ya iya faɗa. Allah ya ba gwiwoyin nan sauƙi, ya bar ka da Mis Opal shekaru masu yawa tana zaginka.

Ku kuma samari masu tsoffin motoci a rumfa, na san ku, da yawanku tare muka yi aji. Ku fara daga ƙafa. Kafin ku sayi fenti, ku cire taya ku duba abin da ke bayanta. Har ƙarshen wata ƙofar garejin a buɗe take, ku je ku tsaya kusa da shi ku kalli hannunsa, ba zai kore ku ba, zagi kawai za ku sha. Wade ya riga ya fara zuwa. Duk mai sana'a a garin nan, ko gini kake ko wayar lantarki, ka koyi irin a'ar mutumin nan, ko da mai kaya zai yi fushi da kai sati guda.

Asabar ta ƙarshen wata za mu taru a filin coci da rana don karrama Mista Delmer, kowa ya zo da kwanonsa. Bai sani ba, ko kuma yanzu ya sani.

Ina rubutun nan Ivy na kwance a cinyata, hannu ɗaya nake yi da shi. Yau watanta biyu da kwana tara. Ɗazu da safe ina canza mata riga ta kalle ni ta yi dariya, dariya sosai mai sauti, karo na farko, baki ba haƙori ko ɗaya. Na kira Wade yana wurin aiki ya ji ta waya. Mista Delmer, da hannunka a cikin dariyar nan. Zan kawo ta ta yi maka.